Motar Yaya Ta Ƙi Motsi

Yayana direba ne, shekara talatin da ɗaya yana jan motocin kamfani. A unguwa Tsaf-tsaf ake ce masa, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Mutumin da yake goge ƙasan takalminsa kafin ya taka totur! Ni ƙanwarsa ce, ni na sha faɗansa tun ina rarrafe, don haka ba wanda zai ba ni labarinsa.

Da ya ajiye aiki sai ya sayi tasa ta kansa, 'yar ƙarama ruwan toka, wadda ta sha hannu amma lafiyarta lau. Ranar da aka kawo ta, matarsa tana kwance a asibiti, an yi mata aiki a ƙugu. Yaya ya dafa motar ya rantse ba wanda zai shige ta sai matarsa ta fara, kuma shi zai ɗauko ta ranar sallama. Ni da na roƙi ya kai ni kasuwa, ko kallo ban ishe shi ba.

Ya ja tiyo ya wanke ta, har cikin tayoyi yana feshi. Ya ja birkin hannu iya ƙarfinsa, ya lulluɓe ta da tamfol a tsakar gida. Kwana goma sha biyu, ga damina.

Ranar sallama na iso da safe na tarar da shi cikin fararen kaya, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce ƙanin matar ya bugo waya, wai in sha biyu ta yi ba mu je ba, shi zai ɗauko ta a tasa motar, don ba za a bar mai ɗinki zaune a benci ba.

"Sai dai ya ɗauko benci!" in ji Yaya.

Ya tada mota, inji ya ɗauka. Ya sauke birkin hannu, ya sa giya, ya taka. Mota ta yi gurnani, bayanta ya ɗan duƙa, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Ya sake. Shiru kake ji. Sha ɗaya har da kwata!

Ban san sanda na fita da gudu ba, mayafi a hannu, na janyo makaniken da ke bakin layi. Ya durƙusa ya leƙa tayar baya, sai ya kwashe da dariya.

"Malam, wanke ta ka yi ka ajiye?"

"To da datti zan ajiye ta?"

"Ai tsatsa ce ta manne birkin. Shekara talatin kana wankewa kana tafiya nan take, zafin hanya na busar da shi. Wannan kuwa ka jiƙa ta, ka ɗaure, ka rufe."

Na ce, "Ka ji ko, Yaya? Garin gyaran gira!" Ya harare ni.

Makaniken ya cire taya ya ɗauko guduma. Yaya ya riƙe masa hannu. "Motar tawa za ka daka?"

"Ko in daka, ko suruki ya ɗauko maka mata. Zaɓi."

Yaya ya dubi agogo, ya karɓe gudumar. Shi da kansa ya tsuguna cikin fararen kayansa, ya ƙwanƙwasa gangar birkin a hankali. Muka yi masa ca, ya ƙara ƙarfi. Jar ƙura ta zubo masa a gwiwa. Aka yi wa ɗaya ɓangaren haka, aka mayar da tayoyi, ya shiga ya yi gaba kaɗan, ya yi baya kaɗan. Sai ƙas! Mota ta gangara. Na buga ihu har maƙwabta suka leƙo, ni kuma na bi shi a tasi, tunda rantsuwa ta hana ni shiga.

A asibiti na tarar ƙanin matar har ya buɗe but ɗin motarsa. Yaya ya sha gabansa, ya rungumo hannun matarsa, ya zaunar da ita a gaba. Ta shafa kujerar, hawaye na zuba, ni ma nawa suka ɓalle.

Yanzu an yarda na shiga baya. Da muka kai kwanar gida ya kunna sigina, sai ta dafa hannunsa.

"Malam, wata biyu ina kallon silin. Miƙe da ni tukuna."

Yaya ya kashe sigina.