Kan da Inna Fadima Ta Kawar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Maris 1963, Allah Ya karɓi ran mahaifiyata, Inna Fadima mai tuwo ta bakin tashar Gaya, kan iyakar Nijar da Dahome.

Inna, kina raye ba direban da ya kwana da yunwa a kan iyakar nan. Shekarar da ruwa ya ci gonakin Tanda, mata biyu da ƴaƴansu kika sauke a ɗakinki har kaka, ke kina kwana a rumfa.

Amma tun sadakar uku ba wannan ake zance ba. Zancen hotonki ake, wanda wani ɗan Dahome mai fentin motoci ya zana bara don jin daɗin tuwonki. Ƙanenki, Kawu Alfari, da ko leƙo ki bai yi ba kina jinya, shi ne yau masanin fuskarki. Ya tsaya gaban masu zaman makoki yana nuni da sanda: wai baƙin zanen da kika ɗaura wahalar zamanin Nasara ce, wai kan da kika kawar goben ƙasa kike hange. Har da share hawayen da babu su. Yanzu so yake ya ɗauke hoton ya rataya a bironsa, wato ofishinsa na Yamai, manya su gani su yaba masa.

"Halidu," in ji shi, "wannan fuska ta ƙasa ce, ba ta gida ba."

Tir da wannan fassara. Zanen na aiki ne, hayaƙin murhu ya rina shi. Kawar da kai kuwa, a gabana aka yi. Ni ne ɗanki na fari. Tun da na yi wayo ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa haɗa ido da ni gaban mutane ba. Ran nan na shigo na tsaya bayan mai fentin yana zana ki, sai kika kau da kai kina danne murmushi. Abin da ya zana ke nan. Kunyata kika ji, kuma iyakar abin da kika bar mini ke nan in riƙa kallo. Hoton ba ya zuwa Yamai.

Ina yi wa ƙannena da dangi duka ta'aziyya, har da Kawu in ya samu sukunin yin baƙin ciki. Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna, ki dube ni ko sau ɗaya ki kira ni da sunana.