Mijin Yaya da Ƙwayar Hawan Jini

Mijin yayata malamin lissafi ne a jami'a, ɗalibai suna kiransa Saura-kaɗan. Haƙurinsa har haushi yake ba mutum. Ko gishirin miya aka tambaye shi, sai ya ce a ƙara, amma kada ya kai na ɗazu.

A kan wannan tunani ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya taɓa yi mini bayani a falo ina gyangyaɗi: in kana neman daidai ɗin abu, awonka kuma yana yi maka ƙarya, yau sama gobe ƙasa, to ka riƙa gyara bayan kowane awo, kowane gyara ya fi na baya ƙanƙanta. Ƙaryar za ta cinye kanta, a ƙarshe ka isa. Wai har hujja ya kafa a rubuce.

Da hawan jini ya kama Yaya, likita ya ba ta ƙwaya ya ce su dawo. Ba su koma ba. Malam ya sayo na'urar awo, kullum da safe ya ɗaura mata a dantse. In jini ya hau ya ƙara ƙwaya, in ya sauka ya rage. Da farko rabi yake gutsurawa, daga baya kwata. Ranar da na tarar da shi a teburin cin abinci yana kankare ƙwaya da reza, raina ya ɓaci.

"Haba Malam, mutum ce fa, ba allo ba. Ku koma asibiti."

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Awon ne ke rawa, mu matsowa muke yi."

Lissafinsa ya ɗauka abin da ake nema a tsaye yake wuri ɗaya. Ciwon Yaya kuwa gaba yake yi. Jini ya yi ta hawa, gyaran Malam ya riga ya koma ɗan garin ƙwaya, ya kasa kamo shi.

Wata rana ta yanke jiki ta faɗi a kicin. A asibiti likita ya ce ƙodarta ta daɗe da taɓuwa, ya tambayi yaushe ƙafafunta suka fara kumbura. Malam ya ce ba su taɓa kumbura ba.

Yaya ta juya fuska bango. "Tun bara ne, likita. Safa nake sawa."

"Me ya hana ki gaya mini?" in ji Malam.

"Na ga yadda kake murna in ka gama awo. Na kasa."

Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa lokaci ɗaya irin na ranar ba. Malam ya durƙusa a gefen gado ya zare mata safar, ya danna ƙafar da babban yatsa. Ya ɗauke yatsan, ramin bai ciko ba.