Direban Kawu Illa

Wata Litinin a kakar gyaɗar 1960, shekarar da manya ke ta cewa mun samu 'yancin kai, ni kuwa ban ga abin da aka samu ba, na ɓatar da direban Kawu Illa. Kawu ƙanen innata ne, tsohon soja, kuma duk Gazawa ba mai irin abin da ya dawo da shi: 'yar mota ja, tsawon tafin hannu, mai gilashin roba, da ɗan direba zaune ciki da hularsa. Cikin kwalinta take kwana a ƙasan adaka. Ba a wasa da ita, kallonta ake yi, hannuwa a baya. Ni kaɗai ya yarda in share mata ƙura, don a cewarsa, "Hajo ba ta da rawar hannu."

Ran nan ya tafi kai gyaɗa sikeli, sai na hango ɗan karce a gilashin. A gidanmu kuwa duk abin da ya dushe, tasa ce ko munduwa, yashi da toka ne maganinsa. Na ɗebo na dirza da zuciya ɗaya. Da na ɗauraye, gilashi ya yi fari fat kamar an shafa masa koko, direba ya ɓace. Na ƙara dirzawa, abin ya ƙara lalacewa. Na girgiza motar, na kara kunne, shiru. Kaina ya ɗaure. Ta yaya wanki zai ɓata abu? Ina mutumin ya shiga, alhali ƙofar ba ta buɗuwa? Duka bai dame ni ba kamar a ce Kawu ya daina yarda da hannuna.

Kakata na tuyar ƙuliƙuli na kai mata ina kuka. Ta tsoma yatsa a man gyaɗa ta shafa, ta goge da gefen zanenta, sai ga direba garau. Na tambaye ta daga ina ya dawo, ta ce ita ma ba ta sani ba. Na mayar da motar kwalinta na yi gum.

Bayan kwana uku Kawu ya buɗe kwalin gaban baƙi, ga mota cike da kiyashi. Ya daɗe yana kallo, ya shinshina, ya dube ni. "Shekara goma direban ga bai samu fasinja ba," in ji shi, "sai da Hajo ta yi mishi lodi." Ya miƙo mini ƙyallen shara kamar kullum.

Yanzu jikokina kan karya motar roba kafin la'asar, a sayo wata. Ta Kawu tana wurina, sai dai yanar tsufa ta rufe mini ido, ko na shafa man ba na ganin direban. Amma ina shafawa.