Kafar da Dije ta toshe

A Mai Wurno, idan damina ta gabato, Dije ake nema. Shekara talatin da ɗaya tana yaɓe da zibala, wato kwaɓin laka da kashin shanu da ake shafe bango da shi don kada ruwan sama ya cinye shi. Ta koya wurin uwarta, Inna Sodangi, wadda ta ɗora ta kan ƙa'ida guda: ba a barin kafa a bango, ko da yatsa ba ya shiga, domin nan kunama ke kwana.

Yanzu Inna ta tsufa, zuciyarta ta yi rauni. Likita a Sinnar ya ce zafi ne babban abokin gabarta. Shi ya sa Bilyamin, ƙanen Dije mai gyaran na'urori a Damazin, ya zo bara ya kafa mata mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakinta, daidai saman gadonta.

Ranar Talata da hantsi Inna ta ce, "Dije, ɗakin nan na yi mani tofi."

Dije ta duba. Ruwa ne ke ɗiga daga bakin mukayyif. Wannan bai dame ta ba kamar abin da ke ƙarƙashinsa: bango ya yi duhu, faɗin tabarmar salla. Ta danna da babban yatsa, yatsan ya nutse. Bangon ƙasa ne, kuma a kansa azarar rufi ta zauna.

Ta ja gadon zuwa tsakiyar ɗaki, ta kashe na'urar, ta zagaye danshin da gawayi don ta ga ko yana ƙaruwa. Sannan ta kira Bilyamin.

"Yaya, ba ni iya zuwa yau, ruwa ya yanke hanya. Ki ciro rariyar gaba ki wanke."

Ta ciro, ta wanke, ta mayar, ta kunna. Ɗigo ya dawo.

"Akwai ƙanƙara ciki?"

"Babu."

"Ya karkace?"

Ta ɗora kofin ruwa a kansa, ruwan ya tsaya daidai. "Bai karkace ba. Kai dai ka kafa mana rijiya bisa bango."

"To ki bar shi kashe har in zo."

Ta bar shi. Kafin azahar ɗakin ya zama tanderu. Inna ta daina tsokana, numfashinta ya koma gajere, leɓenta ya bushe. Dije ta jiƙa mayafi ta rufa mata, tana fifita, tana duban bango. In ta kunna, bango zai ci gaba da sha. In ta bari, ga tsohuwa tana haki. Fitar da ita ma ba dama, sauran ɗakunan rufin kwano ne.

Sai ta lura da wani abu. Na'urar a kashe take tun ɗazu, amma danshin ya wuce zanen gawayi da yatsu biyu, kuma ta ƙasa. Dije ba ta san mukayyif ba, amma ta san laka. Ruwan da ya ɗiga a fuskar bango yakan bushe daga gefe. Wannan daga ciki yake fitowa.

Ta sake kira. "Ruwan da abin nan ke tarawa, ina yake zuwa?"

"Ta hartush mana, tiyon da na fitar bayan ɗaki. Yana zuba?"

Ta zagaya baya. Bango sumul, yaɓenta na kwana goma sha biyu, ko tsaga babu. Ta tuna da sanyin bana akuya ta tauna tiyon har ya rage guntu cikin rami. Ta tuna ranar yaɓe babu wuta, ramin a bushe yake, sai ta cusa guntun ciki da yatsa ta cike da laka, har ta ƙara shafa a kai.

"Yaya? Kina ji na?"

"Yi shiru, Bilyamin."

Ta bi bangon da tafin hannu har ta ji inda ya fi sanyi. Ta sa wuƙa ta fasa aikinta. Lakar ta fito kamar kunu. Ta laluba ta jawo guntun tiyon, ta zaƙulo toshiyar da tsinke, ruwa mai wari ya tsarto mata a zane.

Ta yanko tiyon ban ruwan lambu ta haɗa, ta ɗaure da zare, ta kai bakinsa nesa da gindin bango. Ta samo itace ta tokare azarar daga ciki. Sannan ta kunna, ta koma baya ta tsuguna. Ta ƙirga har ɗari da arba'in kafin ɗigon farko ya faɗo ƙasa.

Cikin ɗaki bakin na'urar ya bushe. Da la'asar Inna ta nemi shayi.

"Wa ya toshe?" in ji ta.

"Ni."

"Madalla. Ni na koya maki."

Bangon bai faɗi ba, amma Dije ba ta yarda da shi ba tukuna. Ta ƙwaƙule lakar da ta ruɓe, ta bar wurin a buɗe ya sha iska, abin da ba ta taɓa yi ba a bakin damina. Gadon Inna yana nan tsakiyar ɗaki. Kowace safiya Dije takan danna bangon da yatsa, ta sake zanen gawayi, sannan ta ɗaga kai ta dubi gabas, inda hadari ke haɗuwa.