Gyaɗar da Na Ɓoye a Motar Baba

Ranar wata Asabar, ƙarshen kakar shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya durƙusa a ƙofar gidanmu na Azare da gwangwanin jan fenti da tsinken tsintsiya, yana ɗiga wa kowace waya da ke ƙarƙashin sitiyarin motarsa alama. Malamin gona ne, kullum yana hanyar Yana da Giade, kuma rediyon da motar ta zo da shi ba ya jiyuwa idan ta ɗau gudu. Yana son a sa masa sabo mai ƙara, amma bai yarda da masu gyara ba. Dama shi bai yarda da kowa ba. Ƙwan zabi sai ya ƙirga kafin ya fita, idan aka aike mu niƙa sai ya sa hannu a ƙullun ya ji ko mai inji ya rage.

Wanda aka kira shi ne Oga Bitrus, mai wayarin mota, mutumin kudancin Bauchi da ke haya a bayan layinmu, mai yawan murmushi da ƙarancin magana. Sharaɗi ɗaya Baba ya gindaya masa: “Kada ka yanke min wayar kamfani ko ɗaya.” Haka ya wuni yana aiki Baba na tsaye a kansa, ya ja wayoyinsa daban, ya sa manyan sifiku a baya, ya cire wata tsohuwar sifika ta gaba ya mayar da murfinta. Da aka kunna, har awakinmu sai da suka zabura. Baba ya gwada fitila da hon da sigina, ya ƙirga ɗigon fentinsa, sannan ya sallame shi.

Ni kuwa ramin tsohuwar sifikar nan ne ya tsone min ido. Lokacin ɓarar gyaɗa ne, muna wuni a tsakar gida yatsu na zafi, kuma duk abin da Inna ta soya mana, ƙannena maza sai sun gano inda na ajiye nawa. Sai na riƙa ƙulle rabona a wani ƙyallen da ya ragu daga atamfar Sallata, idan an sa ni share mota in ɓalle murfin in cusa. Har alfahari nake da wayona, na manta a gindin ɗakin hatsi motar take kwana.

Ba a yi wata ba allurar mai ta daina motsi, mota ta mutu wa Baba a dajin hanyar Giade yana zaton tanki cike yake. Tun kafin ya cire takalmi ya yanke hukunci: Bitrus ya sace masa wayar kamfani ya sa ta banza. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a ofis. Da idona na ga motocin da ke layi a rumfar Oga Bitrus suna raguwa, har 'yarsa Rahila da muke 'yar gala-gala tare ta daina zuwa.

Oga Bitrus da kansa ya roƙi a buɗe motar a gaban mutane. Yana cire murfin tsohuwar sifikar, ɓawon gyaɗa da kashin ɓera suka zubo, ga wayoyi a gaigaye da jan fentinsu. Sai ya zaro ƙyallen. Rigar atamfar ce a jikina ranar. Ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya dubi dorinar da ke rataye a zaure, sai ya dunƙule shi ya goge hannu kamar tsummansa ne, ya sa a aljihu. “Ɓera ne, Alhaji,” in ji shi. Baba ya ce, “To wa ya kai wa ɓeran gyaɗa har can? Ko da ita ka zo a aljihu?” Oga Bitrus ya sunkuya kan aikinsa. Ina tsaye, na ja bakina na yi shiru. Ya gyara wayoyin, amma Baba bai janye maganarsa ba, kuma kafin damina Oga Bitrus da iyalinsa suka tashi daga garin.

Yanzu ina da motata, kuma na gaji halin Baba, don ko taya za a canja min sai na tsaya a kai. Yarana da wayar hannu suke sa waƙa a mota, ba wanda ya taɓa ganin bayan rediyo. Ina da 'ya'ya biyu kafin na iya gaya wa Baba gaskiya. Sai ya sa aka yi ta cigiya a tasha da wajen masu gyara. Ba wanda ya san inda Oga Bitrus ya koma. Har yau ina jin kunyar mutumin nan.