Ranar da Tanderun Gas Ya Iso

Motar ta taso daga Kano da hantsi, ni kuwa tun asuba ina bakin titi kamar mai jiran amarya. Da ta hawo gada na hango kwalaye a bayanta, sai na kama ɗaga hannu ina tsalle, ni uwar 'ya'ya. Shekara da shekaru ina gasa burodi da itace, idona ya sha hayaƙi har ya gaji, yau ga tanderun gas ya zo gidan burodina.

Mutum ɗaya ne ban san yadda zan kalla ba, wato Baba mai itace. Daga Utai yake kawo mana kaya a amalanke tun zamanin mahaifina, kuma mu ne manyan masu saye a wurinsa. Na riga na faɗa masa an daina, ya ce Allah ya sa alheri. Amma ranar sai ga shi ya zo ba amalanke, wai shi ma kallo ya kawo shi.

Mai haɗa tanderun wani gajere ne mai surutun tsiya. Ya baje ƙarafa a tsakar gida, yana ɗaura noti yana ba mu labarin gidajen da ya yi wa aiki. Na yi ta tambayarsa ko ya kusa gamawa, har ya ce in na ƙara zai koma Kano. Da aka zo ɗora hawa na sama, ƙarti suka yi ta nishi, Baba ya tuɓe hula ya sa kafaɗa, abin ya zauna daram. Aka ajiye tukwanen gas a waje, aka jawo tiyo ta bango. Mutumin ya bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu, ya ce in ta yi kumfa akwai yoyo. Muka zura ido, ba wadda ta yi. Na rangaɗa guɗa, maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Sai kunnawa. Na ce ba mai fara wutar nan sai Baba, shi da ya ciyar da murhunmu tun ina yarinya. Ya yi murmushi, ya yi bisimilla, ya laluba aljihu ya ciro ashana.

Mai haɗawa ya ce, "A'a Baba, mayar da ita. Wannan ba ya so. Nan kawai za ka danna."

Ya danna. Wuta shuɗiya ta bi layi, ba hayaƙi ko kaɗan, kowa ya ɗauki tafi. Ni ma ina tafi, amma zuciyata ta karye, domin na ga fuskarsa. Ya daɗe a durƙushe yana leƙen wutar, sannan ya ɗago ya dube ni.

"'Yata, shi ke nan? Ko kara ɗaya ba ya ci?"

Na ce, "Ko ɗaya, Baba."