Aikin Gidan Kaji da Ya Wuce Ni

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. Nakan fara, sai in ji tsoron kada in ɗora wa wani laifin da ba nasa ba, in ajiye biro. Yau dai abin ya fi ƙarfina.

Abin da gonar gadona ke bayarwa ba ya kai mu damina. Duk shekara cirani nake tafiya, amma bana idon Inna ya tafi, kuma ni kaɗai gare ta. Da na ji an buɗe gidan kaji a hanyar Zakirai ana neman ma'aikata, sai na ce ga mafita: in wuni a aiki, in kwana kusa da ita.

Manajan mutum ne mai ladabi. Ya ba ni kujera, ya ce, "Malam, ka iya kiwon kaji?"

Na ce, "To, ana taɓawa."

A garinmu haka ake amsawa. Ko maginin da ya gina masallacin Juma'a aka tambaya, abin da zai ce ke nan. Wanda ya ce ya iya, dariya za a yi masa. Ni kuwa tun tasowata nake sa wa kaza ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. Dako da gyaran injin ban ruwa, duk da ido na koye su.

Ya sake tambaya, "Ka taɓa aiki a gidan gona irin wannan? Sharaɗin masu wurin ne."

Na tsaya ina auna maganar. Akurkin gidanmu ai ba gidan gona ba ne. Na ce, "Gaskiya ban taɓa ba. Amma a gwada ni, ko ba lada."

"Wallahi Malam, ba a ba ni ikon gwaji ba. Wanda aka ce in nema, shi nake nema."

Maƙwabcina da ya kai ni a babur ya yi ta yi mini tsiya har gida. "Kai, da liman suke nema, da ka samu! Ka ce ka taɓa mana, kajin ne za su ƙaryata ka?"

An gama girbi, 'yan cirani sun fara tafiya. Kullum Inna sai ta lalubo hannuna ta ce, "Sun kira ka?" Sai in ce tukuna. Ban iya barinta ba, zaman kuma ba zai ciyar da mu ba.

Don Allah, duk wanda ya san wani wuri a nan kusa, inda za a je a dawo a wuni, kuma suke gwada hannun mutum kafin su sallame shi, ya sanar da ni. Kowane aiki ne zan koya. Hatsin rumbu ya fara ja baya.